Yaron da ke cikin goyo

Lokacin da na fara aikin jinya a shekarun 1980, tsarin asibitocinmu ɗaya ne: a yanki kati, a bi layi, wanda ya riga zuwa shi ake fara dubawa. Mun ɗauka adalci ke nan. Amma yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa wa ƙwaƙwalwa ina ya ga ƙarfin jiran layi? Uwa ta taso daga ƙauye tun asuba, ta goya shi ta lulluɓe da mayafi, kunya ta hana ta ɗaga murya. Kafin a zo kanta, wani lokacin rai ya yi halinsa.

Gudawa kam mun iya ta. Zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, ko'ina maganar ruwan gishiri da sukari ake yi, kuma ya ceci yara ba adadi.

Sauyin da ya fi tsaya mini a rai ya zo bayan 2005, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin ETAT na tantance yaran da ke cikin haɗari a fara duba su, wanda aikin Farfesa Elizabeth Molyneux a asibitin Queen Elizabeth na Blantyre, ƙasar Malawi, ya ba shi ƙarfi. Darasin farko shi ne nas ta bar kujera ta bi layi tana buɗe kowane goyo. Yana numfashi daidai? Hannunsa ya yi sanyi? In an danna farce, jini na dawowa kafin daƙiƙa uku? Yana jijjiga, ko ya suma? Wanda aka ga alamar haɗari a jikinsa, kai tsaye sai gado. Har maigadi muka koya wa. Nakan ce masa, "Baba, in ka ga yaro ya sanƙare, ka kawo mini su da gudu."

Batun tamowa ne ya fi wuyar shiga. Hannu ya saba, da an ga yaro ya bushe sai ƙarin ruwa. Ashe zuciyar mai tamowa ba ta ɗaukar ruwa mai yawa ta jijiya, yana iya kashe shi. Abin da yake buƙata sukari ne, da ɗumi, da madarar F-75 kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu, har cikin dare. Iyaye kan damu: "Sista, ba za a sa masa ruwa ba?" Sai ka zauna ka yi wa uwa bayani a natse, ka miƙa mata kofi da cokali, domin rabin jinyar a hannunta take.