Daga Dungu Zuwa Kyabobo, Inda Ruwa Ke Farawa

Ƙasar Dagomba shimfiɗaɗɗiya ce. Mutum zai tsaya a bakin titin Kumasi a nan Dungu ta Tamale, kusa da jami'ar UDS, ya duba gabas ya duba yamma, ba abin da zai tare masa ido sai kaɗanya da ɗorawa da turakun lantarki. Ruwa kuwa a famfo muka san shi, ran da ya zo, sai kuma cikin jarkokin nan rawaya da mata da yara ke jerawa tun asuba idan rani ya tsananta. Mun san daga Dalun ake turo mana shi, daga kogin Farin Volta, amma yawancinmu mun girma ba mu taɓa ganin inda kogi yake farawa ba. Wannan ne ya sa da ɗan kawuna, wanda ke koyar da labarin ƙasa a wata sakandare, ya ce mu je gandun dajin Kyabobo a ƙarshen damina, ban tsaya dogon tunani ba.

Bayan sallar asuba muka kama hanyar Yendi, tafiyar kusan kilomita 100. Ba mu daɗe a wannan gari na Ya-Na, sarkin Dagomba, ba, koko da ƙosai kawai muka karya da su a tasha muka juya kudu. Muka wuce Adibo, inda Dagombawa suka gwabza da sojojin Jamus a ƙarshen 1896, muka ratsa Bimbilla ta Nanumbawa. Daga nan sai gonakin doya, kunya bayan kunya har iya ganin ido, da manyan motoci ana yi musu lodi a gefen hanya. A Damanko muka haye gadar kogin Oti, wanda a lokacin ya cika ya batse, ruwansa jajawur da laka. Bayan Kpassa ne na fara hango wani abu shuɗi-shuɗi a gabas. Na ɗauka hadari ne ke haɗuwa. Direba ya ce, "Malam, ba hadari ba ne, duwatsun iyakar Togo ke nan."

Da la'asar muka shiga Nkwanta, a jihar Oti, wadda aka yanke daga jihar Volta bayan ƙuri'ar raba-gardama ta Disamban 2018. A zango muka sauka. Bayan magariba wani dattijo da muka yi sahu ɗaya da shi ya tambaye mu abin da ya kawo mu, doya ko kifi. Da muka ce dutse za mu hau mu ga ruwa, sai ya yi shiru, sannan ya ce, "'Ya'yana, ku da ƙafarku, ba saye ba sayarwa?" Ɗan kawuna ya ce, "Baba, ilimi muka zo saye." Dattijon ya gyara zama ya ce to ai kakanninmu ma da ƙafa suka san ƙasar nan. Ya ba mu labarin fataken goro da ke tashi daga Salaga da jakunansu, su ratsa ƙasar Kotokoli, su bi ta Jugu da Nikki har Kano, da yadda yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa 'yan kasuwa, da yawa suka koma Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, babban malamin nan, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Ya ce madugu na gari ba da sunan gari yake lissafin hanya ba, da mashaya yake yi: ina ayari zai sha yau, ina zai sha gobe.

Washegari da sassafe muka je ofishin gandun, muka biya kuɗin shiga, aka haɗa mu da ma'aikaci guda mai kaki da bindiga a kafaɗa, domin ba a shiga dajin sai da ja-gora. Kyabobo na ƙarƙashin sashen kula da namun daji na Hukumar Gandun Daji ta Ghana, kuma a shekarun 1990 aka keɓe shi. Bayansa na jingine da gandun Fazao-Malfakassa na Togo, don haka dabba kan kwana a wata ƙasa ta yi kiwo a wata. A cikinsa dutsen Dzebobo yake, ɗaya daga cikin mafi tsayi a Ghana. Tun daga hanya ake ganin tagwayen duwatsun da siffarsu ta sa ake ce musu Duwatsun Nono. Mu dai magangarar ruwa ta Laboum muka nufa.

Farkon tafiyar cikin gonaki ne na rogo da doya, sannan ciyawa ta rufe mu, doguwa fiye da tsayin mutum, jiƙe da raɓa. Daga nan hawa ya fara. Ƙafar da ta saba da shimfiɗar Tamale ba ta san wannan aiki ba. Kafin hantsi cinyoyina sun ɗauki zafi, numfashi na fita da ƙyar, riga ta manne a baya. Ja-goranmu bai yi mana gaggawa ba. Ya sara mana sanduna daga busasshen reshe, ya ce mu taƙaita taku, mu riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishi ya kama mu. "Yallabai, sannu ba ta hana zuwa," in ji shi, da Hausarsa ta zango.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda daji biyu ke zaune a wuri guda. A kan tudu itatuwan gidanmu ne, gajeru masu kaurin ɓawo, waɗanda suka saba da rana da gobara. Amma da muka gangara kwari sai komai ya sauya cikin taku kaɗan. Rana ta ɓace. Itatuwa suka miƙe sambal, rimi da maɗaci da wasu da ban san sunansu ba, igiyoyin kurmi na reto daga rassansu. Iska ta yi sanyi, ƙasa ta yi taushi da ruɓaɓɓen ganye. Ɗan kawuna ya ce nan ne kurmin kudu da dajin arewa suke haɗuwa, shi ya sa ake samun tsuntsaye da tsirrai na ɓangarorin biyu. Malam-buɗe-littafi kuwa, ban taɓa ganin irinsu da yawa haka ba, shuɗi da baƙi da rawaya, suna taruwa a kan danshin yashi. Manyan dabbobi ba su nuna kansu ba. Mun dai ji haushin gwaggon biri daga gefen dutse, kuma ja-gora ya nuna mana sawun mazo a cikin laka. Ya ce akwai ɓauna, giwaye ma kan tsallako daga Togo, amma wanda ya zo don ganin dabbobi a fili gara ya tafi gandun dajin Mole. Nan wurin tafiya ne.

Ƙarshen hanyar cikin ƙoramar kanta yake. Muka naɗe wanduna, muna taka duwatsu masu santsi, wani wuri da hannu da ƙafa, ruwa na kai mana gwiwa. Tun ba mu ga komai ba muka fara jin rugugi, yana ƙaruwa har sai da muka daina jin maganar juna. Da muka zagaya wani ƙaton dutse sai ga shi: ruwa fari fat yana zubowa daga can sama tsakanin baƙaƙen duwatsu, yana faɗawa cikin tafki, feshinsa na dukan fuska tun daga nesa. Na tsaya ina ta tasbihi. Na kamfata da hannu biyu, garau, ana ganin tsakuwar da ke ƙasa, sanyinsa kamar na sabuwar randa. Da azahar ta yi muka yi alwala a wurin, muka shimfiɗa rawani a kan wani faffaɗan dutse muka yi salla.

Muna cin gurasa da ƙuli-ƙulin da muka yi guzuri na tambayi ja-gora ko ruwan yana ƙafewa da rani. Ya ce yana raguwa sosai, amma kwarin ba ya rasa danshi, ya kuma nuna mana dalili. Ya tona ƙasa da sanda: ganye a sama, ruɓaɓɓen ganye a ƙasa, sai baƙar ƙasa cike da saiwoyi. Ruwan sama idan ya sauka, rassa ne ke fara karya ƙarfinsa, ganyen ƙasa ya tsotse shi, saiwa ta buɗe masa hanya ya nutse cikin tsagar dutse, daga can ya riƙa tsattsafowa a hankali har bayan damina ta wuce. Inda aka sare itatuwa aka ƙone ciyawa, ruwan kan kwarara gaba ɗaya a rana guda, ya kwashe ƙasa ya tafi da ita, bayan wata biyu rafi ya koma yashi. Sai na tuna jan ruwan da muka gani a Damanko. Laka ce ta gonakin mutane ke tafiya.

A hanyar komowa ya lissafa mana abin da suke fama da shi: gobarar da mafarauta ke kunnawa da hunturu, tarkon waya, masu gawayi, da masu injin yankan katako da ke shiga da dare. Ya ambaci madobiya, itacen da aka yi ta sarewa a arewacin Ghana ana lodawa zuwa Sin, har gwamnati ta sha sanya dokar hana saransa. Bai zagi manoman da ke kewaye ba. Ya ce mai iyali da ba shi da wata sana'a ba za ka hana shi daji da baki kawai ba, shi ya sa kuɗin da baƙi ke kashewa a ƙauyuka, na abinci da masauki da ɗan dako, yake da muhimmanci.

Kafin mu bar yankin mun leƙa Shiare, ƙauyen Akyode da aka gina a jikin dutse, hawa-hawa, rufin wani gida daidai da ƙofar na sama da shi. Mota ba ta shiga, da ƙafa ake ƙarasawa. Gari ne mai tsohuwar al'ada da wurin bautar gargajiya da ake girmamawa a yankin, saboda haka muka fara gaida manya, muka nemi izini kafin ɗaukar hoto. Mata na hawa da tulunan ruwa a ka ta hanyar da mu muke dafa dutse.

Ruwan Laboum ba shi ne ke zuwa famfonmu na Dungu ba, amma ƙa'idar ɗaya ce. Ƙoramun duwatsun nan Tafkin Volta suke nufa, can kuma madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, take juya shi ya zama wutar da muke kunnawa. Farin Volta da muke sha shi ma yana da nasa tuddai da bakin gaɓa, kuma kowa ya san yadda haƙar yashi a wajen Nawuni da sare itatuwan gaɓa ke cika shi da laka. Buhun gawayin da muke saye a bakin titi ba tare da tambaya ba, daga wani daji ya fito, kuma wani rafi ne ya biya kuɗinsa.

Wanda zai je, ya zaɓi ƙarshen damina ko farkon hunturu, lokacin ruwa na da ƙarfi kuma hanya ta fara bushewa. Ya sa takalmi mai kama ƙasa, ya ɗauki ruwan sha isasshe, ya tambayi halin da Nkwanta ke ciki kafin ya tashi, domin garin ya sha fama da rikici a 'yan shekarun nan. Ya bi maganar ja-gora, musamman idan hadari ya taso, ya kuma dawo da ledarsa a jaka. Ina roƙon malaman makarantunmu, na boko da na Islamiyya, da ƙungiyoyin matasan zango, su riƙa haɗa kuɗin mota suna kai yara irin waɗannan wurare. Muna tara kuɗi mu yi tafiya mai nisa don biki da ta'aziyya, kuma hakan daidai ne. Wannan ma ta cancanci a tara mata, domin yaron da ya tona ƙasar kurmi da hannunsa ya ga inda ruwa ke ɓuya, zai yi wuya ya girma ya cinna wa daji wuta.