Daga Barstow zuwa Albuquerque a Tsohuwar A-kori-kurar Soja

Jirgin ƙasan Southwest Chief yana barin Albuquerque da yamma, ya kwana yana keta hamada, ya sauke mutum a Barstow ta jihar Kalifoniya tun kafin asuba. Shi muka shiga ni da ɗan ƙanwata, kowa da jakarsa, tawa ta fi nauyi saboda sifanu, fanbel, matatar mai da na'urar auna wuta da na cusa a ciki. Tikitin zuwa kawai muka yanka. Niyyarmu mu dawo a cikin motar da za mu saya, in Allah Ya yarda.

Ina da ɗan fili a bayan duwatsun Sandia, gabas da Albuquerque, inda hunturu ke tilasta wa mutum ƙona itace. Hukumar gandun daji tana sayar da takardar izinin yin itace a dajin Cibola, sai dai hanyoyin cikin dajin duwatsu ne da kwazazzabai, ƙaramar mota ba ta shiga. Sabuwar a-kori-kura kuwa kuɗinta ya fi ƙarfina, kuma kwamfuta ce ke tafiyar da komai nata, in ta tsaya a daji sai dai a kira janwe. Abin da nake nema mota ce da zan iya buɗe bonet ɗinta in gane duk abin da idona ya gani. Wannan ne ya kai ni ga M1008.

Tsakanin 1983 da 1986 kamfanin General Motors ya ƙera wa sojojin Amurka motoci kimanin 70,000 da ake kira CUCV. Chevrolet ne na kasuwa da aka ƙara wa ƙarfi domin aikin bayan fagen fama, wato ɗaukar kaya, jigilar mutane da jan tirela, saboda kada a ɓata motar fagen fama ta Humvee mai tsada a irin wannan hidima. Akwai M1009 mai rufaffen baya, akwai M1010 ta ɗaukar marasa lafiya, sai M1008 mai buɗaɗɗen baya. Injinta na dizal ne mai silinda 8, lita 6.2, irin wanda aka sa wa Humvee na farko. Da soja suka gama da su, hukumar da ke zubar da rarar kayan ma'aikatar tsaro ta riƙa fitar da su gwanjo. Tun 2014 kamfanin GovPlanet ne ke gwanjon motocin soja ta intanet, amma yawancin CUCV sun riga sun fita kafin nan, suna hannun manoma, 'yan kwana-kwanan ƙauye da masu sha'awa.

Mun yi sallar asuba a gefen tsohon ginin tashar, wanda aka gina a 1911, muka jira gari ya waye. Barstow gari ne na soja da jirgin ƙasa. Ga sansanin ajiya da gyaran kayan sojojin kundunbala na ruwa a gefensa, ga Fort Irwin a arewa, saboda haka koriyar mota a ƙofar gida ba ta sa kowa waiwaye.

Mai motar dattijo ne, tsohon soja, a gwanjo ya saye ta shekaru da dama da suka wuce. Kafin in taɓa ƙarfe takarda na fara nema. Gwamnati ba ta yi wa motocinta rajista irin ta jiha, don haka wanda ya saya a gwanjo takardar SF-97 ake ba shi, ita zai kai ofishin lasisi a mayar masa da ita shaidar mallaka. Wanda ya sayi motar da ba a yi mata wannan ba ya sayi wahala, domin ba za ta hau titi ba. Dattijon ya riga ya yi. Na gwada lambar da ke kan takarda da ta jikin mota, harafi bayan harafi, suka dace.

Sai na shimfiɗa kwali na shiga ƙarƙashinta. A nan darajar M1008 take. Aksul na gaba Dana 60 ne, na baya babban nan mai kusoshi 14, kuma a cikinsa akwai Detroit Locker, abin da ke kulle tayoyin baya biyu su juya tare ko da ɗaya ta rasa ƙasa. Masu haɗa motocin hawan dutse suna sayen motar sukutum don su cire waɗannan biyun su yar da saura, abin da ke ba ni takaici duk lokacin da na ji. Tsatsa babu, hamada ta kiyaye ta. Roba kuwa hamadar ta cinye: tiyo duk ya bushe, robar ƙofofi tana marmashewa, tayoyi da sauran zane amma gefensu ya tsattsage. Mita ta nuna tafiya kaɗan, ban ba ta muhimmanci ba, domin motar soja takan yini injinta yana aiki tana tsaye wuri guda, mita kuwa ba ta ƙirga wannan.

Muka yi ciniki, ya rage mini kuɗin taya. Da ya miƙo makulli sai ya ce in canza shi da zarar na isa gida, domin makulli iri ɗaya ne ke tayar da kowace CUCV. Ya kuma nuna mini wani ɗan makunni a gefen sitiyari. Motar tana da tsarin tafiyar dare ba fitila, na lokacin yaƙi, kuma in ba a ɗaga makunnin nan ba, babbar fitila ba za ta kama ba, haka ma fitilar burki.

Ranar a Barstow ta ƙare. Sababbin tayoyi, sabon baƙin mai, fanbel, tiyon lagireto, da inshora. Ɗan ƙanwata yana zagaya motar yana lissafi da baki.

"Kawu, a ɗaga ta sama, a sa mata manyan tayoyi da turbo, sannan a yi mata baƙin fenti."

"Bari mu kai ta gida tukuna, ɗana," na ce masa. "Hanya za ta faɗa mana abin da take so."

Babbar hanyar I-40 daga Barstow take farawa, kuma daga nan zuwa Albuquerque kusan kilomita 1,080 ne. Ba mu yi nisa ba hanyar ta fara magana. Giyar motar TH400 ce, mai canza kanta, hawa uku kacal, haƙoran aksul kuma 4.56, wato farfela sai ta juya sau huɗu da rabi da ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. An tsara haka ne don jan kaya da tafiyar ayari, inda dokar soja ta tsayar da gudu a mil 55 cikin awa. A wannan gudun injin yana juyawa kimanin sau 2,650 a minti. Na taka ta zuwa mil 65, sai juyin ya haura 3,100, alhali iyakarsa 3,600 ne. Cikin motar babu abin da ke tare ƙara, daɓen roba ne da kujerar leda, ba rediyo ba na'urar sanyi, sai ka ce a ɗakin injin niƙa muke zaune. Na dawo 55 na tsaya a kai. Manyan tireloli suka riƙa wuce mu, iskarsu tana girgiza mu.

Tankin galan 20 ne, kuma tsakanin Ludlow da Needles gidajen mai kaɗan ne, masu tsada, don haka muka cika tun da wuri. Hamadar Mojave ta buɗe, ƙasa fara-fara, duwatsu baƙaƙe can nesa, jiragen kaya na BNSF masu tsawon da ido ba ya ganin ƙarshensu suna bin gefenmu. Ko da yake watan Oktoba ne, Needles ta karɓe mu da zafi. Muka tsallaka kogin Kolorado a Topock muka shiga Arizona, inda doka ta yarda a yi mil 75. Bambancin gudun mil 20 tsakaninmu da kowa haɗari ce, ba na son mai gudu ya tarar da ni a bayan kwana. Shi ya sa a Kingman na sauka daga babbar hanya na bi tsohuwar Route 66, wadda ke bi ta Hackberry da Peach Springs a ƙasar ƙabilar Hualapai, ta fito Seligman.

Wannan yankin ya fi ko'ina daɗi a tafiyar. Titi ne mai layi biyu, motoci jefi-jefi, kuma a mil 50 injin ya sami natsuwa har muna jin maganar juna. Na ba yaron sitiyari. Da farko ya tsorata da yadda bayan motar ke ɗan fizga a kwana, tare da wani ƙas-ƙas daga aksul. Na ce masa kada ya damu, makullin tayoyin ne ke saki yana kamawa, ya daina taka totur yana saki a tsakiyar kwana. Kafin Seligman hannunsa ya faɗa.

Daga Ash Fork zuwa Williams hawa ne mai tsawo. A bakin kogin Kolorado tsayin ƙasa bai kai mita 200 ba, Flagstaff kuwa tana kusan mita 2,100. Injin da ba shi da turbo iskar da ya samu kawai yake shaƙa, kuma yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 ta hawa, famfon mai kuma bai san da haka ba, yana ta turo abin da ya saba. Baƙin hayaƙi ya fara fita ta salansa, gudu ya sauka ƙasa da mil 40. Abin da ya fi damuna shi ne motar ba ta da gejin zafi, fitilar gargaɗi ce kawai, wadda sai abu ya ɓaci take kamawa, kuma an san 6.2 da tsagewar kai in ya yi zafi fiye da kima. Na sassauta ƙafa har hayaƙin ya washe, na kunna fitilun haɗari, na buɗe hitar cikin mota don ta ɗebe wa injin zafi, muka hau a hankali muna gumi.

"Kawu, ka ga amfanin turbo ke nan," in ji shi.

Gaskiya ya faɗa, kuma na gaya masa haka.

A Flagstaff muka kwana, cikin dajin dogayen itatuwan ponderosa, ƙarƙashin duwatsun San Francisco. Da safe raɓa ta daskare a gilashi. Na murɗa makulli, na jira fitilar jira ta mutu, na buga, injin ya juya ya ƙi kamawa, sai farin hayaƙi mai warin ɗanyen mai. Yaron ya ce zai tsallaka kanti ya sayo feshin nan na tayar da inji. Na hana shi da ƙarfi. Injin da ke da fulogin ɗumama silinda ba a fesa masa wannan, yana iya kamawa kafin lokaci ya lalata fistin.

Matsalar daga wutar motar take. CUCV tana da batir biyu da altaneta biyu. Fitilu da sauran kaya a kan volt 12 suke kamar kowace Chevrolet, kik kuwa volt 24 ne, don ta iya ba wata motar soja wuta ko ta karɓa ta soket ɗin NATO da ke gabanta. Fulogan ɗumamawa 8 suna shan wuta daga 24 ɗin ta cikin wani abin rage ƙarfi da ke bayan inji, wanda aka auna shi a kan cewa duka 8 suna aiki. In ɗaya ya ƙone, wutar da ke isa ga sauran sai ta ƙaru, na biyu ya bi, na uku ya bi da sauri. Na auna su ɗaya-ɗaya na tarar kusan rabi sun mutu. A zafin Barstow ba a gane wannan. Muka sayo sababbi, muka canza duka a filin ajiye motoci na masaukin, yatsunmu suna ƙagewa don sanyi. Bugu ɗaya ta tashi.

Saura hanya ta zo da sauƙi. Winslow, Holbrook, jajayen duwatsun Lupton a bakin iyakar Niyu Meziko, Gallup, sai baƙin dutsen aman wuta a Grants, sannan gangaren da ke sauke mutum kan kogin Rio Grande. A lissafina galan ɗaya ya riƙa kai mu mil 13.

Gyaran ya bi jerin da hanya ta ba mu. Makulli na fara canzawa. Sai gejin zafin ruwa da na ƙarfin baƙin mai, da sabon lagireto. Na raba fulogan ɗumamawa da abin rage wutar nan, na ba su volt 12 kai tsaye, na sa irin waɗanda ke daidaita zafin kansu. Na cire ɗan rilen kik da ke ƙarƙashin dashbod na sa mai ƙarfi, domin na asalin yakan maƙale ya bar kik yana juyawa har ya ƙone. Akwai wani faifai mai roba a gaban inji da ke shanye girgizar karanshaf, in robarsa ta mutu karanshaf na iya karyewa, shi ma na sa sabo. Tiyon burki duk na sake su, kuma na tsaya a kan man DOT 5 da soja ke zubawa, wanda ba a haɗa shi da DOT 3 na motocin gari.

Babban aikin shi ne giya. Na sauke TH400 na ɗora 700R4 mai hawa huɗu, wadda hawanta na ƙarshe 0.70 ne. Aikin ya ci kuɗi da lokaci, kuma sai da wani bakanike da ya san ta ya daidaita mini wayar da ke haɗa ta da totur, domin in wayar nan ta kauce giyar ba ta daɗewa. Yanzu a mil 65 injin yana juyawa kusan 2,200, ana hira a ciki ba ihu. Volt 24 ɗin na bar shi yadda yake, tun da yana aiki. Fentin ma ban taɓa ba. Na soja ne mai suna CARC, ƙurarsa guba ce ga huhu in aka goge shi ba kariya, kuma har yanzu yana tsare ƙarfen. Ɗagawa da manyan tayoyi na ƙi, domin itace nake lodawa da hannu, kuma kowane inci da aka ƙara bayana ne zai biya.

Turbo ne ya rage, kuma a tsayin da muke zaune hujjar yaron tana da ƙarfi. Matsin silindar 6.2 ya haura 21, saboda haka iska kaɗan kawai za ta iya ɗauka, kuma sai an matsar da wasu kaya a ɓangaren fasinja kafin a sami wurin ɗaura shi. Mun yi yarjejeniya zan fara sa gejin zafin hayaƙi, mu yi kakar itace guda muna rubuta abin da yake nunawa a kan hawa da cikakken lodi. In alƙaluman sun nuna akwai sarari, shi zai nemo turbon injin lita 6.5 na hannu, ni kuma in biya kuɗin bututu.