Tsakanin 24 da 70 a Ƙofar Soro

Ranar Hawan Sallah a Ƙofar Soro, doki ba ya jiran mai sauya gilashin kyamara. Shi ya sa na dogara ga guda ɗaya mai zuƙowa, daga milimita 24 zuwa 70, jikan Zoomar ɗin da ya fito a 1959. A 24 nakan kwashe filin baki ɗaya, har da ƙofar fada. In na murɗa zuwa 70, rukunonin gilasan da ke cikinsa sukan gusa, tazarar da ke tsakaninsu ta sauya, sai rawanin mahayi ya cika hoton.

Aibin nawa ɗaya ne: duk sanda ya miƙe, sai ya shaƙi iska. Bara ƙurar jahi ya shaƙa, kuɗin wankinsa kuwa ya cinye ladan aikin Sallar kakaf.