Akwatin Kayan Fim Da Ruwan Alau Ya Ci

Mu huɗu ne, duk haifaffun Hausari, kuma wanda ya zauna a layinmu daga 2001 zuwa 2010 ya san shagonmu na hayar kaset. Kakanninmu daga Kano da Katsina da Haɗeja suka zo. Wasu fatauci ya kawo su, wasu kuma hanyar Makka ce ta biyo da su ta Barno, guzuri ya ƙare, suka ce bari a ɗan huta, hutun da har yau ba a tashi ba. Mu da muka tashi da Kanuri a kasuwa, Hausa a gida, fim ne ya fara nuna mana Kanon da ake ba mu labari. Da muka ji cewa a nan Maiduguri aka haifi Ali Nuhu, ai sai muka ɗauki harkar kamar gadon gidanmu.

Mutane sun fi hayar finafinan soyayya da waƙa, irin su Sangaya da Wasila. Mu kuwa namu daban: fim ɗin da aka yi kisa ba a san wanda ya yi ba, ko aka sace jakar kuɗi ana bin sawu, irin wanda za ka manta da shayin da ke hannunka har ya huce. Daga nan ciwon ya kama mu. Duk sanda ɗayanmu ya je Kano sarin kaset a Ƙofar Wambai, sai ya biya wajen wani ɗan unguwarmu da ke ɗaukar kaya a lokeshin, ya roƙo mana duk abin da aka gama aiki da shi aka yar.

Kada ku zaci wasu kayan alfarma ne. Akwai bindigar katako da aka shafa wa baƙin fenti. Akwai jakar hannu cike da takardu da aka yanka daidai girman kuɗi, waɗanda ake ɗora 'yan Nairori na gaske a samansu lokacin ɗauka. Akwai ankwa mai tsatsa, da baƙin tabarau mai ido ɗaya a tsage, da wasiƙar barazana da aka ɗiga wa jan tawada a madadin jini. Samun ko da wannan ma aiki ne, domin yawancin abin da kuke gani a fim ɗin Hausa aro ne: gidan aro, motar aro, rigar ma sau da yawa ta ɗan wasan ce. Ana cewa an gama, kowa ya kwashi nasa. Abin da ba shi da mai shi kaɗai ke zuwa hannunmu.

Muna da hanyarmu ta tantancewa. Sai mu saka kaset, mu jira wurin da abin ya fito, mu tsayar da hoton, mu kara shi a jikin talabijin. Idan ƙarcen da ke gefen jakar ya yi daidai da na cikin fim, sai a yi tafi, a rubuta sunan fim ɗin a takarda a manna. In bai yi daidai ba, mun san an yi mana wayo, sai mu yi dariya mu ba yara. A haka muka cika akwatin ƙarfe guda, irin na amare.

Wata rana wani malamin makaranta da ke zama a majalisarmu ya ce mana a Amurka wannan sana'a ce babba. Ya kawo misalin mutum-mutumin tsuntsun da aka yi amfani da shi a fim ɗin The Maltese Falcon na 1941, wanda aka yi gwanjonsa a 2013 a kan kuɗi sama da Dala miliyan 4. Muka dubi ankwarmu, muka dubi juna. Namu ko ɗan gwangwan ba zai saya da daraja ba. Amma mu mun san hannun da ya feƙe katakon nan, mun san dabarar yaron da ba shi da kuɗin sayen komai, duk da haka ya sa unguwa guda ta riƙe numfashi.

Asarar farko tun kafin ruwa ta zo. Duk wanda ya zauna a garin nan bayan 2009 ya san yadda aka yi rayuwa: dokar hana fita, hana hawa babur a 2011, yanke layukan waya a 2013. Shago ya mutu, mun rufe. Akwatin yana ɗakin babbanmu, a gidan mahaifiyarsa. Ran nan ana ta maganar binciken gida-gida, sai Hajiya ta buɗe akwatin tana neman wani abu, ta ci karo da bindigar. Ta aika aka kira mu duka.

“Ku yanzu da hankalinku? Wa zai tsaya jin bayanin katako da tsakar dare?”

“Hajiya, ta fim ce, wallahi ko harsashi ba ta da wurin sawa.”

“To fim ɗin ne zai zo ya yi belinku?”

Babu wanda ya ƙara cewa uffan. Da hannunta ta karya ta gida biyu ta tura a murhu, muna tsaye aka dafa tuwon dare da ita. Mun ji zafi a ranar, amma yau da muka haifi namu, mun san gaskiyarta. A garin da bindigar gaske ta raba uwa da ɗa, ta wasa ma ba abin wasa ba ce.

Sauran kayan suka bi babban namu Gwange bayan ya yi aure. Can suke har daren da madatsar Alau ta ɓalle, aka wayi gari ranar 10 ga Satumba, 2024, ruwa ya shanye rabin gari, har Kasuwar Monday da fadar Shehu. Da ƙyar ya fita da iyalinsa, kuma wannan shi ne abin godiya. Da ruwa ya janye muka fasa akwatin. Takardun kuɗi sun zama kunu, wasiƙar ta narke, fostoci da tsofaffin mujallun Fim sun manne da juna, sunayen da muka rubuta duk sun goge. Ankwa da tabarau kaɗai suka tsira.

Mun ji kunyar yin kuka a kan wannan, alhali maƙwabta sun rasa gidaje, wasu sun rasa rayuka. Sai dai abin ya tsaya mana a rai. Tun daga Turmin Danya na 1990 ake wannan sana'a, amma ina aka ajiye kayanta? Fim ɗin Shehu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976, sai da aka tsinto shi a wani ɗakin ajiya, aka gyara, aka nuna a Berlin a 2018. Shi ya yi sa'a. Nawa ne ba su yi ba? Mu ma da laifinmu: shekara ashirin muna tarawa, ko hoto ɗaya ba mu ɗauka ba, ga waya a aljihun kowa.

Saboda haka ga roƙonmu ga 'yan unguwa. Wanda ke da tsohon kaset, ko fosta, ko mujalla, ko wani abu da ya san ya fito a fim, kada ya bari a haɗa da shara. Ya ɗauki hotonsa, ya rubuta sunan fim da shekara, ya tura wa wani ɗan'uwa a wani gari, sannan ya ɗaga shi sama inda ruwa ba ya kaiwa. In ya ga nauyi ne, ya neme mu a majalisa bayan la'asar, mun sayi sabon akwati. Ankwar nan ita ce ta fara shiga, ko da yake har yanzu gardama muke kan fim ɗin da ta fito.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa kowa da alheri, Ya zaunar da Barno lafiya.