Sanin gida bai ishe ni rubutun jami'a ba

Ni ɗan Matamaye ne, a lambun rake na tashi. Shi ya sa da aka ce kowannenmu ya zaɓi abin da zai rubuta a kai don kammala lisans, shekara ta 3 ke nan a jami'a, ban yi dogon tunani ba na ce noman rake a yankin Kance. Raina ya ba ni cewa aiki ya ƙare tun ba a fara ba. Wa zai koya mini rake? Wannan girman kan shi ya kayar da ni, kuma ina ba da labarin ne saboda ƙannena da ke tafe.

Na dawo gida hutu, na zaga fadamu, na zauna da manoma da dillalai da masu lodin motocin da ke fita ta Ɗan Barto zuwa Daura. Na cika kaye da zance mai daɗi, amma ban rubuta wa ya faɗi me ba, ko a wane gari, ko wace rana. Da na koma, sai na zuba komai a kwamfuta yadda ya zo mini: tarihin gari, farashin dami, kukan tsadar taki, ƙarancin ruwa, duk a haɗe. Na tsinto wasu sakin layi daga rahotannin da na gani a intanet na liƙa, ban faɗi masu su ba. Kuɗina da hankalina suka tafi wajen bango mai launi da ɗauri mai kyau.

Malamin da ke duba aikin ya karanta shafukan farko, ya ajiye jan bironsa ya ce, "Ɗana, wace tambaya kake son amsawa?" Na ce rake nake magana a kai, Malam. Ya ce rake amfanin gona ne, shi tambaya yake nema. Sannan ya ɗora yatsa kan wani jadawalin farashi da babu komai a ƙarƙashinsa, ya tambaye ni daga ina alƙaluman suka fito. Na san gaskiya ne, da kunnena na ji su a kasuwa, amma ba ni da hanyar nunawa. Ya mayar mini da kundin, abokaina suka kare nasu a gaban malamai, ni kuwa sai zagaye na gaba.

Da farko na ɗora laifin a kan tsananin malamin. Daga baya na yarda cewa ni na ƙi bin tsarin da aka koya mana a aji, don na ɗauka na baƙi ne waɗanda ba su san wurin ba. Da na sake aikin, sai na fara da tambaya guda: me ya sa manomin rake ke samun kaɗan daga kuɗin da mai saye ke biya a Damagaram? Ita na sa a gabatarwa, tare da hasashena da manufar binciken. Babi na farko ya kawo abin da magabata suka rubuta da yadda na tattara bayanai. Na biyu ya kawo abin da na samo, ba ra'ayina a ciki. Na uku ya auna sakamakon da hasashen. Kammalawa ta amsa tambayar, ba ta ɗauko sabon zance ba. Duk abin da bai taimaki tambayar ba na cire shi, har da tarihin garin da nake alfahari da shi.

Na kuma gane cewa ƙa'idodin da na raina hakkin mai karatu ne. Maganar wani a sa mata alamar zance, da sunan marubuci da shekara da shafi. Adadin jama'a in daga ƙidayar 2012 ta hukumar ƙididdiga ta ƙasa (INS) ya fito, a rubuta haka. Kowane jadawali da lambarsa da takensa da tushensa. Girman harafi 12, tazarar layi 1.5, shafuka da lambobi, sai dai in sashenku ya tsara wani abu dabam, to nasu za a bi. Liƙa rubutun wani ba tare da ambatonsa ba kuwa sata ce, kuma na yi nadamarta.

Ƙannena na Matamaye da Kance da kewaye, ku rubuta a kan garuruwanku, don ba wanda ya fi ku cancanta. Amma kafin ku ɗauki kaye ku shiga fadama, ku rubuta tambayarku a layi ɗaya, ku kai wa malaminku ya amince, kuma duk wanda kuka zanta da shi ku rubuta wuri da rana nan take.