Bakori: Garin da ake sauraren babur kafin a taɓa shi

Duk wanda ya tashi daga Funtuwa ya nufi Malumfashi, babban garin da zai fara tararwa shi ne Bakori, a tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba. Gari ne na Makaman Katsina, yana zaune tsakanin ƙasar Sarkin Maska da ta Galadima. Tun shekarar 1989 yake hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma a ƙarƙashinsa akwai garuruwa irin su Tsiga da Kabomo da Kurami da Jargaba da Kakumi da Guga da Kandarawa. Ƙasa ce ta noma. Da damina, duk inda ka kai ido masara ce da dawa da waken soya da auduga, ga kuma makwabciyarta Danja da ta yi suna a tumatir da rake.

Sai dai gonakin nan ba a bakin kwalta suke ba. Da ka sauka daga babban titi, sai burji da hanyar shanu da kwazazzabai. Aikin da jaki ya yi wa kakanninmu, yau babur ne ke yin sa. Shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko 'yan ƙwadago, shi ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke sauke ɗalibi a ƙofar makaranta. Mun san da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi akwai babur a gidajensu, shi ya sa muka yi amfani da hutun nan muka je Bakori, don mu ga yadda mutanen da rayuwarsu ke kan taya biyu suke lallaɓa abin hawansu.

A inuwar bakanike

Mun fara yada zango a wani gareji da ke bakin titi, rumfar kwano ce kawai da benci ɗaya, ƙasan wurin ya yi baƙi ƙirin saboda baƙin mai. Yawancin baburan da muka gani a jere Boxer ne, ƙirar kamfanin Bajaj na ƙasar Indiya, sai Jincheng da Haojue na ƙasar Sin, da 'yan roba-roba na malaman makaranta da ma'aikata. Manoma da 'yan kabu-kabu sun fi son Boxer saboda yana jure lodi, ba ya shan mai da yawa, kuma kayan gyaransa ba su da wuyar samu ko a ƙauye.

Ogan wurin dattijo ne mai furfura a gemu, yaransa suna kiran sa Baba. Abin da ya fara jan hankalinmu shi ne, idan aka kawo masa babur ba ya ɗaukar sifana. Sai ya sa a tayar, ya karkata kai ya saurara, ya murza totur, ya leƙa hayaƙin da ke fita daga salansa, sannan ya shiga yi wa mai babur tambayoyi kamar likita. Yaushe ya fara? Da safe ne ko bayan ya ɗauki zafi? A ina ka sha mai?

Ya bayyana mana cewa inji abu uku yake nema kafin ya tashi: mai, da wuta, da iska. Idan babur ya mutu, galibi ɗaya daga cikin ukun nan ne ya yanke. Aikin mai gyara shi ne ya gano wanne ne, kuma ya fara da abin da ba ya cin kuɗi kafin ya kai ga mai tsada.

Muna zaune sai ga wani manomi ya turo Boxer, gumi ya jiƙa masa riga, da buhun taki biyu a baya. Ya ce babur ɗin ya yi ta shiɗewa har ya mutu, kuma wani a hanya ya ce masa sai an sauke inji. Baba ya yi masa sannu, ya tambaye shi inda ya sayi mai. Ya ce wajen 'yan bumburutu, jiya bayan an ɗauke ruwa. Nan take Baba ya sa yaro ya kawo gindin gorar roba, ya kwance ɗan sukurun da ke ƙasan kafireto, ya tari abin da ya zubo. Muka leƙa, sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa, fetur yana bisansa. Ruwa ya fi fetur nauyi, don haka shi ke fara sauka ƙasan tanki ya shige kafireto. Aka tsiyaye shi, aka goge fulogi, aka buga kik sau biyu, babur ya tashi. Gyaran da ake tsoron zai cinye kuɗin taki bai kai minti goma sha biyar ba.

Yadda ake bin sawun matsala

Yaran garejin sun haddace tsarin kamar karatun allo. A ɓangaren mai, a fara duba makunnin da ke ƙasan tanki, ko a rufe yake ko kuwa lokacin juyawa rizab ne ya yi. Sai a zare robar da ke kai mai kafireto a ga ko yana zuba. Akwai ma wata 'yar matsala da ke ruɗa mutane: murfin tanki yana da ƙaramar ƙofar iska, idan ƙura ta toshe ta, babur zai yi tafiya kaɗan ya mutu, da an buɗe murfin kuma sai ya tashi.

A ɓangaren wuta, fulogi ake kwancewa a mayar da shi cikin hularsa, a jingina ƙarfensa a jikin inji, a buga kik. Idan tartsatsi shuɗi ya fito, wuta lafiya lau. Baba ya ja kunnen yaransa cewa ba a yin wannan gwaji kusa da fetur da ya zube. Shi kansa bakin fulogin labari yake bayarwa. Idan launin ƙasa-ƙasa ne, inji na cikin ƙoshin lafiya. Idan ya yi baƙi da busasshen gawayi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Idan ya jiƙe da maiƙo, baƙin mai ne ke tsallake ringi yana shiga inda ba wurinsa ba, kuma za a ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa. Idan kuwa ya yi fari fat, inji na ɗaukar zafi fiye da kima.

Iska kuma ta cikin filta take bi, wani soso da ke tace ƙura. Inji na buƙatar iska kusan ninki goma sha biyar na nauyin fetur ɗin da yake ƙonawa. Da sosan ya toshe, sai babur ya rasa ƙarfi ya koma zuƙar mai.

Mun lura kowane yanayi da cutar da yake kawowa. Hunturu na toshe filta. Damina na jiƙa hular fulogi, ta cusa laka cikin birki, ta sa tsatsa a sarƙa. Da kaka kuwa lodi ne ke yin ɓarna, domin buhunan masara ke tsinka sifok, su cinye kulos. Alamar kulos da ya gaji ita ce inji ya yi ta kuka amma babur ba ya ja, ko da yake Baba ya ce a fara duba wayar kulos ɗin tukuna, don wani lokaci ɗaurewa kawai ta yi. Sarƙa kuma ana barin ta da sassauci kamar faɗin yatsu biyu. Idan ta yi sako-sako za ta iya zamewa ana cikin gudu, idan ta ɗaure tamau ta ci haƙoran da take hawa.

Majalisar 'yan kabu-kabu

Da azahar muka koma wajen 'yan kabu-kabu, inda suke jiran fasinja a gindin bishiya kusa da mai shayi. Yawancinsu matasa ne, wasu manoma ne da ke haya idan aikin gona ya lafa. Ba kowa ne ke da babur na kansa ba. Akwai masu kai wa mai shi balas kullum, akwai masu biya kaɗan-kaɗan har ya zama nasu. Ga irin waɗannan, yinin da babur ya yi a gareji bashi ne ya hau kansu.

Hirarsu ba ta wuce farashin mai. Kafin a cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ba ta kai Naira 200 a farashin gwamnati ba. Cikin 'yan kwanaki ta haura 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da dama. Tun daga lokacin kowa ya zama ɗan lissafi. Sun gane cewa taya mara isasshiyar iska na ƙara shan mai, haka birkin da ke kamawa, haka filta mai datti. Wani ya ce mana ya gwammace ya haƙura da nama da ya tsallake juyen baƙin mai, tunda lita guda ce kacal take tsare masa inji gaba ɗaya.

Abin da ya fi burge mu shi ne zumuncinsu. Idan ɗan kabu-kabu ya hangi wani yana turin babur, zai rage gudu ya ce, "Malam, lafiya?" Idan mai ne ya ƙare, a zare roba a tsiyaya masa a gora. Idan gyara ne da ya fi ƙarfinsu, sai mai lafiyayyen babur ya sa ƙafa ya tokare na gaba, ya tura shi har gari. Suna adashi a tsakaninsu, wanda ya kwasa ya sauya taya ko ya yi gyaran inji. Wanda ya yi hatsari kuma a haɗa masa gudummawa.

Kafin magariba

A wannan yanki, babur ya mutu a daji ba asarar lokaci ba ce kawai. Kowa ya san halin da ake ciki na 'yan bindiga, waɗanda su ma a kan babura suke yawo. A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta kafa dokar da ta hana sayar da fetur a jarka da goyon mutum uku a babur, ta kuma taƙaita zirga-zirgar babura da dare. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da Bakori da Funtuwa da Malumfashi, ba a maido ba sai a Disamba. A watannin nan, wanda babur ya mutu masa a hanya ba shi da halin kiran bakanike ko ɗan'uwa. Mutane da yawa sun ce a lokacin ne suka koyi kwance fulogi da yin faci da kansu.

Matsalar ba ta kau ba. A watan Fabrairun 2025 aka sace tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, a garinsu Tsiga, sai a Afrilu ya kuɓuta. Shi ya sa za ka ga mai zuwa ƙauye yana ɗauke da sabon fulogi da sifanarsa da filaya da ɗan famfo, yana kuma lissafin ya dawo kafin rana ta faɗi.

Tsoron ya taɓa har zumuncin da muka ambata. Wasu sun ce mana yanzu idan suka ga baƙuwar fuska a wurin da babu mutane, sukan yi sallama daga nesa, idan hankalinsu bai kwanta ba su wuce su sanar a gari na gaba. Ba su jin daɗin hakan, amma ɓarayin babur sun sha yin amfani da tausayin mutane. Duk da haka, babu wanda ya ce mana ya daina tsayawa kwata-kwata, domin kowa ya san gobe shi ne zai iya zama mai turin.

Ga ɗalibai

Uku daga cikin yaran Baba 'yan sakandare ne, sai an tashi daga makaranta suke zuwa. Da wanke kayan inji suka fara, sannan miƙa sifana, mai lamba 10 ko 12 ko 14, har aka fara barin su su kwance kafireto. Ɗaya daga cikinsu ya zana mana a ƙasa yadda fistin ke aiki hawa huɗu: ya shaƙi mai da iska, ya matse su, fulogi ya kunna, ya fitar da hayaƙi. Ya ce a aji ya fara jin wannan bayani, amma sai da ya ga inji a buɗe ya zauna masa. Shi ne kuma ke karanta wa Baba littafin da ke zuwa da sabon babur, saboda da Turanci aka rubuta shi. Yanzu da babura masu aiki da batir suka fara shigowa manyan biranen Najeriya, bakaniken gobe sai ya san lantarki da lissafi, ba ƙarfin damtse kawai ba.

Koyon gyara daban, hawa titi daban. Doka ba ta ba da lasisin tuƙi sai an cika shekara 18, kuma tun ranar 1 ga Janairun 2009 hukumar kiyaye haɗurra ta wajabta sa hular kwano. Wasan ganganci da babur a wajen biki ya kwantar da matasa da yawa a wajen masu ɗori, wasu ma ba su tashi ba.

Amma akwai aikin da kowane ɗalibi zai iya, mace ko namiji, ba tare da ya hau ba. Gobe da safe kafin Baba ko Yaya ya fita, ku duba masa baƙin mai, ku matsa tayoyi, ku taɓa sarƙa, ku gwada birki da fitila. Minti biyar ne, kuma a ƙasa irin ta Bakori, su ne kan sa mutum ya iso gida kafin a kira magariba.