'Yar Mai Tsaron Fitila

'Yan'uwana mata, a makon nan ina so mu ƙetare teku, mu leƙa wani ɗan tsibiri a arewa maso gabashin Ingila, ana ce da shi Longstone. Tsibirin falalen dutse ne, babu itace, babu gona. Duwatsun wurin sun sha farfasa jiragen ruwa, shi ya sa a 1826 aka gina doguwar hasumiya a kansa, aka ɗora fitila a ƙoli, domin matuƙa su hango ta da dare su kauce.

Mai tsaronta na fari sunansa William Darling. Aikinsa kullum zuba mai, gyara lagwani da goge madubai, 'yarsa Grace tana taya shi. A gida ya koya mata karatu da rubutu, ya kuma koya mata tuƙin kwalekwale.

To, ran 7 ga Satumba, 1838, da asuba, Grace ta leƙa ta taga, ta hango wani jirgi mai suna Forfarshire ya bugi dutse ya rabe biyu. Gari ya waye, sai ga sauran mutane maƙale a dutsen. Ita da mahaifinta suka tuƙa kwalekwale wajen mil guda cikin haukan igiyar ruwa. Uban ya hau dutsen, ita kaɗai ta riƙe kwalekwalen kada ya fashe. Mutum biyar suka ɗebo da fari, uban ya koma da wasu cikinsu suka kwaso huɗu. Tara ke nan. Sarauniya Victoria ta aiko mata da fam 50. Tarin fuka ya kashe Grace a 1842, tana da shekara 26.

Ni dai duk sa'ad da na ba 'yan ajina labarin nan, ba wai jaruntakar kaɗai nake nuna musu ba. Da ba ta saba tashi da asuba ba, wa zai hango su? Da uban ya ce tuƙi aikin maza ne, wa zai riƙe kwalekwalen? Iyaye masu cewa karatun 'ya mace ɓata lokaci ne, ku duba wannan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tun 1990 fitilar take kunna kanta, ba mai kwana a wurin, amma sunan Grace bai ɓace ba. Allah Ya ba mu 'ya'ya masu amfani, amin. Sai mako mai zuwa.